Ga 'yan'uwa masu dilibari da keke a Birtaniya: ku duba wuyan kekenku kafin hunturu ya kankama

'Yan'uwa, musamman ku sababbin zuwa da kuka fara kai abinci da keke a Landan, Manchesta, Bamingam da sauran garuruwa. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ka yi haƙuri ka karanta shi har ƙarshe, ko ka ajiye sai ka dawo gida ka huta. Magana ce a kan wata 'yar roba da faɗinta bai fi yatsa biyu ba, amma tana iya tsare maka aikin kwana uku.

Duk wanda ya fara wannan sana'a, abin da yake tsoro shi ne faci da ɓarayin keke. Gaskiyarsa ne. Amma akwai wani wuri da ba a kallonsa sai ya lalace, shi ne wuyan keke, wato inda ƙafar gaba take shiga cikin firam ta haɗu da kan keken da kake riƙewa. A cikin wuyan nan akwai boris guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Su ne suke sa kan ya juya ba tare da ka ji komai ba. Kowanne yana da 'yar zoben roba da ke rufe bakinsa don kada ruwa ya shiga, giris kuma kada ya fita.

Na ƙasan shi ne yake shan wahala. Ka duba inda yake zaune: daidai saman tayar gaba. Duk ruwan da taya ta kwaso daga titi, can take watsa shi. A gida ruwan sama yana da lokacinsa, damina ta wuce shi ke nan, rana ta busar da komai. A nan kuwa sai ka yi mako guda titi bai bushe ba. Daga wajen Nuwamba kuma, idan sanyi ya fara daskarar da titi, motocin ƙaramar hukuma suna fitowa suna barbaɗa gishiri. Wannan gishirin yana taimakonka kada ka zame, amma shi ne babban maƙiyin ƙarfe. Ruwan gishiri ya shiga boris, ya wanke giris, tsatsa ta kama, kai kuma kana ta taka feda awa takwas ko goma kullum da jaka a baya. Keken da mai gida yake hawa ranar Lahadi kawai zai iya shekara biyar wuyansa lafiya. Naka hunturu ɗaya ya ishe shi.

Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan zoben robar idan ya bushe ya tsage, ko wani ya kwance wuyan ya manta bai mayar da shi ba, to ƙofa ta buɗe. Yawancinmu kuma keken hannu muke saya, ba mu san hannu nawa ya bi ba. Na kwance kekunan 'yan'uwa da dama a bayan gidan da muke haya, kuma sau da yawa sai in tarar robar ƙasan babu ita sam.

Ga yadda za ka gane halin da naka yake ciki, ba sai ka kwance komai ba. Ka tsaya a gefen keken ka matse birkin gaba da hannu ɗaya, ɗayan hannun ka ɗora yatsunka a daidai tsagar da ke tsakanin firam da ƙafar gaba. Sai ka riƙa tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin yatsunka, wuyan yana wasa. Bayan nan ka ɗaga tayar gaba sama ka juya kan hagu da dama a hankali. In ka ji kamar akwai yashi a ciki, ruwa ya riga ya shiga. In kuma kan yana maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa rami, sai ka ɗan yi ƙarfi kafin ya fita, to ƙwayoyin boris sun riga sun yi wa mazauninsu ramuka. Alama ta ƙarshe ita ce ruwa mai launin jar ƙasa yana gangarowa kan ƙafar gaba bayan an yi ruwa. Wannan tsatsa ce take gaishe ka.

Me ya sa nake damunka da wannan? Saboda a wannan aikin ranar da keke ya kwanta, aljihu ma ya kwanta. Kamfanonin kai abinci suna ɗaukar yawancin masu keke a matsayin masu aikin kansu. A watan Nuwamba 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar masu dilibarin Deliveroo cewa ba ma'aikatan kamfanin ba ne ta fuskar da ƙungiyarsu ta nema. Ma'anarsa a aikace: keken naka ne, gyaran naka ne, ranar da ba ka fita ba babu mai biyanka. Kuɗin haya kuwa ba ya jira, na gida ma suna duba waya ƙarshen wata. Shagon gyara a nan ba kamar mai gyaran keken bakin kasuwa ba ne da za ka zauna a benci ya gama maka kana kallo. Sau da yawa sai an ba ka rana, kuma kuɗin hannu ya fi kuɗin kayan.

Za ka ce to a sayi sabuwar robar mana. Nan ne matsalar. Wuyan keke iri-iri ne, kowane kamfani da yadda yake yanka tasa, kuma ba kasafai ake sayar da robar ita kaɗai ba. In keken tsoho ne, sai mai shago ya ce maka sai dai a canza wuyan gaba ɗaya. To in boris ɗinka da sauransa, ba dole ka kai ga haka ba. Tsohon tub ɗin taya zai yi maka aiki. Mu da muka taso muna yanka tub muna ɗaure kaya a bayan keke, muna yin danƙo da shi, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Kafin ka fara, ka san irin wuyan da kake da shi. Akwai tsohon yayi mai zare, wanda za ka ga manyan noti biyu a sama, yawanci sufana mai lamba 32 ke kama su, wasu 36. Akwai na zamani marar zare, wanda yake da ɗan murfi a sama da kusar alanki a tsakiya, da kusoshi biyu a gefe. Shi ne ya fi yawa yanzu, kaurin bututunsa inci 1 da 1/8, wato milimita 28.6. Sannan ka duba ƙasa. In kana ganin kwanon boris ɗin a waje, kamar ɗan kofi ya fito daga ƙarƙashin firam, dabarar tub za ta yi maka daidai. In kuwa boris ɗin ya nutse cikin firam ba ka ganin komai sai siririyar tsaga, robar ba ta da inda za ta kama, zan faɗa maka abin da za ka yi a gaba.

Kayan aikin ba su da yawa: alanki lamba 4, 5 da 6, almakashi, tsumma, giris, da mataccen tub. Tub ɗin ya zama na taya mai faɗi, irin wanda aka rubuta 26 x 1.75 zuwa 2.125 a jikinsa. Na siririn keken tsere ya yi ƙanƙanta, ko ya yage ko ya shaƙe wuyan. Giris kuma ka nemi wanda ba ya jin ruwa, irin wanda ake sa wa injin jirgin ruwa, ko na litiyam. Gwangwani ɗaya fam kaɗan ne a Halfords ko Screwfix, kuma zai yi maka shekara. Don Allah kada ka fesa WD-40 a wurin ka ce ka sa mai. Shi aikinsa korar ruwa da sassauta tsatsa, in ka cika shi a boris ma ɗan giris ɗin da ya rage zai narkar.

Zan yi bayanin marar zaren tunda shi ne a hannun yawancinku. Ka shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa, domin ƙwayoyin boris ƙanana ne, yawanci kaurinsu bai wuce milimita 4 ba, in ɗaya ta gangara ƙarƙashin firij ta tafi ke nan. Ka cire tayar gaba. In birkinka na mai ne, kada ka kuskura ka matse shi bayan taya ta fita, bakinsa zai rufe ya ba ka aiki. Ka kwance kusar murfin sama, sannan ka sassauta biyun nan na gefe. Ka riƙe ƙafar gaba da hannu ɗaya ka zare kan keken, ka rataye shi da igiya a jikin firam don kada wayoyin birki su ɗauki nauyinsa. Yanzu ka ciro wayarka ka ɗauki hoto, kuma duk abin da ka cire ka jera shi bi da bi yadda ya fito. Akwai zobba, akwai murfi, akwai wani tsagaggen zobe da ke matse bututun. In ƙafar ta ƙi sauka, ka ɗora katako a kan bututun ka ɗan buga, kada ka sa guduma kai tsaye.

Da ƙafar ta fito, ka goge komai tas. Ka kalli mazaunin boris a wurin haske, ka bi shi da farce. In sumul yake, alhamdulillahi. Boris iri biyu za ka iya tararwa: ƙwayoyi a cikin ɗan kejin ƙarfe, ko kuma rufaffe kamar zobe guda. In mai keji ne, ka lura da fuskar da yake kallo kafin ka cire, don in ka kifa shi wuyan ba zai taɓa daidaituwa ba. In rufaffe ne kuma yana ƙara, ka duba gefensa, yawanci akwai lambobi kamar 41 ko 41.8 ko 52, da 36 x 45 ko 45 x 45. Na farkon faɗinsa ne a milimita, na biyun kuma karkatar bakinsa. Ka ɗauki hoton lambobin, da su za ka sayi irinsa, shi ana samunsa cikin sauƙi.

Yanzu ka yanko zobe daga tub ɗin, faɗinsa kamar santimita 3, yanka miƙaƙƙe ba mai haƙora ba, don daga haƙorin yake fara yagewa. Ka wanke farin garin da ke cikinsa ka busar. Tun ƙafar tana waje, ka buɗa zoben da yatsu ka sa shi ya haye kwanon ƙasa, ka tura shi sama kan firam ya jira a can. Ka cika kwanon da giris sosai, ka mayar da boris, ka shafa wa mazauninsa na jikin ƙafar, ka mayar da komai yadda hotonka ya nuna.

Wurin ɗaurewa ne mutane suke ɓata aiki, don haka ka natsu. Kusar murfin sama ita ake fara ɗaurewa, alhali na gefe suna sake. Aikinta kawai ta ja komai ya haɗu. Ka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan kana gwada birki kamar yadda na faɗa, har wasan ya ɓace amma kan yana juyawa da kansa in ka karkata keken. Ka tabbata bakin bututun yana ƙasa da bakin abin da ke sama da milimita 2 ko 3, in ba haka ba murfin zai zauna a kan bututun, ka yi ta ɗaurewa wasa bai tafi ba. Sannan ka miƙe kan daidai da taya, ka ɗaure na gefe, wannan kaɗan wancan kaɗan. Yawanci an rubuta 5Nm a wurin, ƙarfin da ba ya buƙatar ka ciji leɓe. Su biyun nan su ne suke riƙe da kan kekenka, don haka bayan ka gama ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan, ka tabbata bai juya shi kaɗai ba.

Sai ka jawo zoben robar ƙasa ya rufe tsagar. Rabinsa na sama ya kama kwanon gam, na ƙasa ya sauko kamar siket ya lulluɓe inda ƙafar take juyawa. Ka juya kan. In robar tana murɗewa ko kan ya yi nauyi, ka rage tsawon na ƙasan da almakashi, ko ka shafa ɗan giris siriri a cikin leɓen. In ranar ba ka da lokacin kwance ƙafa, akwai ta gaggawa: ka yanko tub a tsaye kamar ɗamara, ka naɗa sau ɗaya da rabi a wurin, ka ɗaure da siririn maɗaurin roban nan mai haƙora a jikin kwanon kawai, kada ya kama ƙafar. Bai kai zoben kyau ba, amma zai fitar da kai mako.

Ga iyakar dabarar kuma, don kada ka ce ban faɗa maka ba. Robar tub ba ta jituwa da man fetur da danginsa, giris yana sa ta kumbura ta yi laushi a hankali. Ka ɗauka cewa bayan wata biyu ko uku za ka yanka sabuwa, tub ɗaya kuwa zai ba ka zobba fiye da ashirin. Abu na biyu, abin da ya hana ruwa shiga yana iya hana shi fita. Duk mako biyu ka naɗe zoben sama, ka goge, ka bar wurin ya sha iska. Wanda ya sa ya manta da shi har bazara zai iya tarar da tsatsar da ta fi ta da. In kana da hali, kamfanin Lizard Skins yana yin irin wannan rigar da aka ɗinka don wuyan keke, mai manne, ba sai ka kwance komai ba. Aikinsu ɗaya da na tub ɗin, ita ma tana son a riƙa ɗagawa ana gogewa.

Mai nutsattsen boris, kai naka maganin giris ne. Ka cika tsagar da shi har ya ɗan fito, ka goge na waje. In robar murfin sama ce ta mutu, ka auna bututun ka nemi siririn zoben roba baƙi na nitiril, wanda masu gyaran famfo da injina suke amfani da shi, shi ba ya tsoron mai. Kuma ko wane irin wuya gare ka, ka sa matarin laka mai tsawo a tayar gaba. Shi ne yake tare yawancin ruwan tun bai isa wuyan ba. Sannan ka daina kai keke wurin wankin mota kana harba masa ruwan nan mai ƙarfi. Wannan ruwan yana ratsa ko sabuwar roba. Bokiti da soso sun isa.

Akwai inda dabara take ƙarewa, ganganci ya fara. In mazaunin boris ya yi ramuka, roba ba za ta cike su ba, sai canji. In ka ga tsaga ko lanƙwasa a bututun ƙafar, ko zobe ya ci rami a jikinsa, kada ka sake hawa keken nan, ko odar nawa ce take jiranka. Ƙafar gaba in ta karye ba ta sallama, da fuska ake sauka, kuma a tsakiyar motoci. In bututun na kabon ne, ko wayoyin birki sun bi ta cikin wuyan, ka kai wa masu kayan aunawa. Masu ɗaura injin lantarki a tayar gaba, ku naku ya ninka, don nauyi da jan injin duk a kan ƙafar da wuyan suke sauka. Ku riƙa gwajin birkin nan kowace safiya, minti ɗaya ne.

Tunda maganar lantarki ta zo: dokar ƙasar nan ta ce injin kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimakawa in gudu ya kai mil 15.5 a awa. Abin da ya wuce haka babur ne a idon hukuma, yana buƙatar lasisi, rajista da inshora, kuma 'yan sanda suna ƙwacewa. Da dare dole farar fitila a gaba, ja a baya. Ɗalibi kuma ya sani cewa bizar karatu ba ta yarda da aikin kai ba, ya duba takardarsa da kyau kafin ya hau asusun kowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In hannunka bai saba da ƙarfe ba, kada ka ji kunya. Ƙananan hukumomi da yawa suna shirya abin da suke kira Dr Bike, inda makaniki yake duba keke kyauta a fili ko bakin kasuwa, ka bincika na unguwarku. Akwai kuma wuraren gyara na al'umma da za ka biya kaɗan ka yi amfani da kayansu, wani yana nuna maka. Mafi sauƙi, ku da kuke gida ɗaya ku haɗa kuɗi ku sayi saitin alanki da gwangwanin giris guda, ku ware yammacin Litinin da oda take ƙasa ku duba kekunanku gaba ɗaya. Wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba. Karo na farko zai ɗauke ka awa ɗaya, na uku minti ashirin.

'Yan'uwanmu na Saudiyya da sauran wuraren ƙura da ke karantawa, zoben zai yi muku aiki ku ma, sai dai ku goge duk giris ɗin da ya fito waje, don yashi yana manne masa ya zama kamar sanfefa. Zafin rana kuma zai busar da robar da wuri fiye da nan.

Wanda ya gwada ya ga wani abu daban, ya faɗa mana mu ƙaru. Ku tura wa sababbin zuwa da kuka sani, tun kafin motocin gishiri su fito. Allah ya tsare mu a kan titi, ya sa wa nema albarka, ya mayar da mu gida lafiya mu tarar da iyayenmu da iyalanmu cikin alheri. Amin.